Daga Alkuki Zuwa Fitilar Caji: Hasken Ɗaki da Idon Dattijo

A tsofaffin sorayen ƙasa na cikin birnin Kano da Zariya da Damagaram, har yau ana iya ganin ɗan ramin nan da magini kan bari a jikin bango, samansa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Alkuki ke nan, mazaunin fitila. Fitila ɗaya ce ta ɗaki, ana kunna ta bayan magariba, a hure ta da zarar an gama abin da ya sa aka kunna. Daga wancan zamani zuwa yau hasken gidan Bahaushe ya sauya fuska sau uku, daga man gyaɗa zuwa kananzir, daga kananzir zuwa lantarki, daga lantarki zuwa ƙananan fitilun caji da na sola da suka cika kasuwa. Amma a duk waɗannan sauye-sauye ma'aunin bai canza ba: da idon mai ƙuruciya ake auna ko haske ya isa. Mutumin da bai makance ba, amma ganinsa ya yi rauni, ba a taɓa sa shi cikin lissafi ba. A da akwai uzuri mai ƙarfi, domin haske tsada gare shi. Yau uzurin ya kusa ƙarewa, ɗabi'ar kuwa tana nan daram.

Tsohuwar fitila kasko ce, ta yumɓu ko ta ƙarfe daga maƙera, a zuba mata man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a yi lagwani. Wannan man shi ne dai ake sa wa miya, shi ake shafawa a jiki, saboda haka duk daren da aka bar fitila tana ci, abinci ne ake ƙonawa. Hasken da take bayarwa bai wuce na kyandir ɗaya ba, wajen luman 10 zuwa 12 a ma'aunin masana haske, alhali ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da wajen 800. Mutanen da suka rayu da irin wannan ƙarancin sai suka tsara rayuwarsu a kan rana. Ɗinkin hula da aikin riga da dukanci da rubutu a bakin zaure ake yin su, ko a rumfa. Tsintar shinkafa da tankaɗe da kitso a tsakar gida. In dare ya yi sai aikin da hannu ya riga ya haddace, kamar kaɗi, ko na baki, kamar tatsuniya da hira da tilawa, yara kuma su jira farin wata su yi gaɗa. Shi kansa ɗakin an gina shi ne don tsare zafi da ƙura da idon baƙo, da kauri a bango da 'yar taga can sama, wani ma babu tagar sam. Wurin kwana ne da ajiya, ba wanda ya yi nufin a zura zare a allura a cikinsa.

Ga mai lafiyar ido wannan tsari ya wadatar. Ga dattijo kuwa labari ya sha bamban. Yayin da mutum ke manyanta, ƙofar da haske ke shiga ido takan tsuke, madubin da ke cikin ƙwayar ya yi duhu ya koma rawaya-rawaya, har ya zama hasken da ke isa can ƙasan idon ɗan shekara 60 bai wuce sulusin wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Wannan fa ba tare da wata cuta ba. In aka haɗa da yanar ido, ko hakiya, ko amodari, ko dundumi da ke hana gani da zarar rana ta faɗi, sai fitilar da jika ke ganin ƙwayar gero da ita ta zama wa kaka ɗigon ja a cikin duhu. Bature matafiyi Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa makanta ta yi yawa a birnin, har akwai unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa. Wannan shaida tana nuna cewa al'umma ta san makaho, ta kuma yi masa gurbi: yana da sarkinsa, da unguwarsa, da sandarsa, da ɗan jagora. Wanda ke tsakani, mai gani dishi-dishi, ba shi da wani gurbi. Sai a ce tsufa ne, a shimfiɗa masa tabarma, a ɗauke masa aiki. Ina ganin wani kaso mai yawa na abin da muka saba kira tsufa, irin zaman da dattijo kan yi shiru daga magariba, da ajiye allura da tsohuwa kan yi tun da sauran ƙarfinta, rashin haske ne aka ba shi wani suna.

Wani zai ce ana zaluntar magabata, domin tsarinsu yana da nasa rangwamen, kuma da gaskiyarsa. Fitilar kasko ana ɗaukarta a kai ta inda ake so, kuma kusanci yana da tasirin da mutane ba su cika lura da shi ba: in aka rage tazarar da ke tsakanin fitila da abin da ake dubawa zuwa rabi, hasken da ke sauka a kansa ninkawa yake sau huɗu. Hasken rana a inuwar rumfa ya fi na kowane ƙwan ɗaki nesa ba kusa ba, kuma ba ya kashe ido. Rubutun allo manya-manyan baƙaƙe ne, baƙar tawada a kan itace mai haske, shi ya sa almajiri ke iya karanta shi a gefen wutar kara, malami mai furfura kuma ya duba masa. Farin tuwo a baƙin akushi ko mai raunin gani ya san inda zai sa hannu. Kayan ɗaki kaɗan ne, kowanne da mazauninsa, ƙafa ta san hanya. Duk wannan haka yake. Sai dai babu ɗaya daga ciki da aka yi shi don mai raunin gani, dacewa ce kawai aka yi. Ga kuma hayaƙi a rufaffen ɗaki, wanda ke sa ido ja da ƙaiƙayi, har bincike ya alaƙanta daɗewa cikin hayaƙin itace da fitowar yana, musamman ga mata masu girki. Wanda ke kewar wancan zamani yawanci da lafiyayyen ido yake kewarsa.

Kananzir ya zo da jirgin ƙasa. An fara haƙo man fetur don kasuwanci a Amurka a 1859, kuma abin da aka fi nema a cikinsa a lokacin shi ne man fitila. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hajar da ake auna wa kamfanonin Turawa a karɓi kuɗi, jirgin da ya tafi da ita kuma ya dawo da garewanin kananzir da ashana da fitilu. Masu ƙira suka riƙa yanka gwangwani suna yin aci-bal-bal, fitilar talaka da mai tsire da mai shayi da kasuwar dare, mai yawan hayaƙi, hasken kuwa bai fi na tsohuwar fitilar kasko ba. Mai ɗan hali ya sayi fitilar ƙwai, wadda ta ninka wancan haske sau uku ko huɗu, iska ba ta kashe ta, har ta shiga jerin kayan ɗakin amarya, goge ƙwanta da gyara lagwaninta kafin magariba ya zama aikin yara a kowane gida. Fitilar Tilley mai famfo, mai farin haske, ta gidan attajiri ce da wurin biki da wa'azi. Ci gaba ne babba, amma a daidai wannan lokaci abin da ake buƙatar gani ya ƙanƙance. Boko ya zo da bugun inji mai ƙananan haruffa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya sa takarda a hannun manya, sannan ga rasiɗin haraji, ga takardar kuɗi, ga rubutun jikin kwalbar magani. Haske ya ƙaru sau uku, harafi ya ragu fiye da haka. Dattijon da ke iya karanta allo a bakin wuta sai ga shi yana miƙa wa ɗansa wasiƙa.

Lantarki ma ba don gidajen talakawa aka fara kawo shi ba. Legas ta samu tun ƙarshen ƙarni na 19, a arewa kuma kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra kusa da Jos a wajen 1929 don masu haƙar kuza. An kafa hukumar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, shekarar da Nijar ta kafa nata kamfanin lantarki NIGELEC, sai aka haɗe hukumomin lantarkin Nijeriya aka sami NEPA a 1972. Da waya ta shiga unguwanni, yadda aka sa fitilar ya fi ƙarfinta muhimmanci ga batunmu. An rataya ƙwai ɗaya tsirara a tsakiyar rufi. Wato an ɗauke fitila daga hannun mai ita an kai ta wuri mafi nisa da aikinsa, inda ba ya iya matso da ita, kuma in ya sunkuya kan littafi inuwar kansa ce ke sauka a shafin. In ya ɗaga kai, ƙwan ya soke masa ido. Ɗaki ya yi haske a idon mai shigowa, maigida ya ji daɗi an ce gidansa da wuta, tsohuwar da ke gefen gado tana neman bakin allura kuwa ba ta ƙaru da komai ba. Ga rashin tabbas. In wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja, doguwar fitilar nan ta yi ta ƙyaftawa ta ƙi kamawa. In aka ɗauke wuta kwatsam, idon yaro kan saba da duhu nan da nan, na dattijo kuwa sai ya daɗe, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake tuntuɓe da dokin ƙofa, a yi karo da buta, a faɗi a karye.

An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar gwamnati. Masu ita ma sun ga yadda yawancin jihohin arewa suka kwana fiye da mako a duhu a watan Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, mutanen Nijar kuma sun ɗanɗana nasu a 2023 da Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki. Saboda haka lantarki bai taɓa korar fitilar hannu daga gidan Bahaushe ba. Abin da ya kori kananzir wani abu ne dabam. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar da ƙwayar LED mai shuɗin haske, wadda daga gare ta aka sami farar, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Masana'antun Sin suka mayar da ita araha. Ƙwai mai wat 9 ya ba da hasken da sai mai wat 60 ke bayarwa a da, ƙaramin batir ya riƙe fitila dare guda, faifan sola kamar tafin hannu ya caja ta. Da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir a 2016, fitilar ƙwai ta koma kan tarkace a gidaje da yawa. Karo na farko ke nan a tarihin ƙasar Hausa da talaka zai iya barin fitila tana ci har asuba ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

A nan ne ya kamata labarin mai raunin gani ya gyaru, kuma a nan ne tsohon ma'auni ya fi yin ɓarna. A kasuwar Sabon Gari ko a tiren mai talla, yadda ake gwada fitila sananne ne: a kunna ta a fuskar mai saye, in ta kashe masa ido ya ce wannan da ƙarfi take. Ƙarfin da ake yabo kuwa ɗigo-ɗigon haske ne tsirara, fari mai ratsin shuɗi, ba murfi ba inuwa. Idon da yana ta fara rufewa watsa haske yake yi a cikinsa, kamar gilashin mota mai ƙura in fitilar wata motar ta haske shi da dare: hasken ya yi yawa, hanyar ta ɓace. Irin wannan ido fitila mai kashe ido rage masa gani take yi. Sababbin gidaje sun ƙara wa abin gishiri. Tayil mai sheƙi yana mayar da haske daga ƙasa zuwa cikin ido, rufin ado da ƙananan fitilu shuɗi da kore yana ƙawata falo ya bar matakala a duhu, tagogi an sa musu baƙin gilashi da labule mai kauri, bango fari, ƙasa fara, ƙofa fara, babu abin da zai nuna wa mai gani dishi-dishi inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. An kashe kuɗi mai yawa an gina ɗakin da ya fi tsohon soro wahalar zama ga kakar gidan.

Kada a ɗauka batun mutane kaɗan ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, wajen miliyan 1.13 makafi ne, amma in aka haɗa da masu matsakaici da matsanancin raunin gani adadin ya kai miliyan 4.25, kuma arewa ta fi kudu yawan makanta. Wato a bayan kowane makaho akwai wajen mutum uku da ke gani amma da ƙyar, su ne waɗanda haske ke iya ƙara musu ko ya rage musu. A nan likita zai iya tsayar da mu ya ce maganar fitila kauce wa hanya ce. Wancan bincike ya nuna yanar ido ce ta haddasa wajen kashi 43 cikin ɗari na makantar, aikinta kuma sananne ne, ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano tun shekarun 1940, ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa. Da yawa kuma tabarau kawai suke buƙata. Wannan magana daidai ce, kuma duk wanda ya saya wa mahaifinsa fitila a maimakon ya kai shi a duba idonsa ya cuce shi, musamman da yake hawan jinin ido cin gani yake a ɓoye ba tare da ciwo ba. Amma asibiti yana da iyaka. Abin da hawan jinin ido ya riga ya cinye ba ya dawowa, haka yawancin ɓarnar da ciwon suga ke yi wa ido. Mai jiran aikin yana yakan yi watanni yana tara kuɗi. Wanda aka yi wa aikin, da wanda aka ba tabarau, gida za su koma, kuma tabarau ba ya ƙirƙiro hasken da babu. Likita yana ganin majiyyaci na 'yan mintoci a ɗakin da aka haskaka da gangan, sauran rayuwarsa kuwa a ƙarƙashin fitilar da wani ya zaɓa masa zai yi ta.

Akwai kuma mai cewa zaɓen fitila maganar masu hali ce, talaka abin da ya samu shi zai kunna. Da a zamanin man gyaɗa aka faɗi haka, da ba musu. Yau kuwa yawancin abin da mai raunin gani ke buƙata wurin ajiyewa ne da fuskar da fitila ta kalla, kuma waɗannan ba a sayen su. Fitilar cajin da ke kan kabad tana haska ido, in aka sauko da ita kusa da kafaɗa, ta gefen hannun da ba a aiki da shi, aka juya ta ga shafi ko ga ɗinki, ta zama wata fitilar dabam. Wadda ke da murfi mai hazo ta fi tsirara, ko da alƙaluman jikin kwalinta sun fi ƙanƙanta. Ƙaramar fitilar sola da za ta kwana tana ci a hanyar ban ɗaki da wurin alwala ta fi babban ƙwai a falo amfani ga mai tashi sallar asuba, domin tana hana ido tsallakawa daga haske mai yawa zuwa duhu ƙirin. Farar ƙasa a bango tana yaɗa haske a hankali ba sheƙi. Dokin ƙofa da bakin matakala in aka shafa musu fenti mai launi dabam da na daɓe, sun fito. A jikin kwalin ƙwai akan rubuta 2700K ko 3000K ga mai haske ja-ja, 6500K ga fari fat mai shuɗi, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne, sai dai da wuya mai saye ya duba, da wuya mai sayarwa ya ajiye iri biyun.

Wanne ya fi, ja-ja ko fari? Babu amsa ɗaya, kuma wasu kan riƙe wannan su ce tun da haka ne a bar maganar. Gaskiya ne idanu sun bambanta. Zabiya haske mai yawa azaba ne gare shi, inuwa yake nema. Mai yana yakan fi gani a haske mai laushi da ke zuwa daga bayansa. Wanda tsakiyar ganinsa ta lalace yakan so haske mai ƙarfi ƙwarai a kan takarda, har wanda zai dami na kusa da shi. Mai dundumi yana son kowane lungu ya samu rabonsa. Amma wannan bambanci ƙarfafa hujjar yake, domin yana nufin babu mai iya zaɓa wa mutum sai da idonsa. A gidajenmu kuwa mai sayen fitila ɗa ne ko jika, mai lafiyar ido, ya gwada ta da rana a kasuwa, ya kawo ya rataya inda ya ga ta yi kyau. In ya tambaya, "Baba, ta yi?" amsar da zai samu ita ce, "Ta yi, Allah ya yi albarka," domin dattijo ba ya kushe kyautar ɗansa, kuma ba ya son a ce idonsa ya tafi. Gwajin da zai faɗi gaskiya shi ne a zauna da shi bayan isha'i, a ba shi Alƙur'anin da ya saba karantawa ko kwalin maganinsa, a matsar da fitilar nan da can, a canza wata, a ga a ina ya daina kai takardar bakin hancinsa.

Masu gini da masu haɗa waya su ne har yanzu ba su shigo lissafin ba. A yawancin sababbin gidaje tsarin shekarun NEPA ake maimaitawa: ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi, makunni ɗaya a bakin ƙofa nesa da gado, soket ɗaya can ƙasa a bayan kabad, zaure da lungun ban ɗaki kuma a ce ai hasken tsakar gida zai kai. Ƙara soket a gefen gado da wurin zama, da makunni na biyu da hannu zai kai daga kwance, kuɗinsa 'yan ƙafafun waya ne in an yi kafin filasta. Bayan filasta sai an fasa bango, kuma yawanci a lokacin ne mai gidan da ya gina yana ɗan shekara 40 yake gano cewa shi ne zai zauna a ciki yana ɗan 70.